Bolti yana juyawa ba ya kamawa a ƙafar bayan tsohuwar mota: a gyara ramin ko a sauya ƙarfen?

Mai tambaya yana da tsohuwar mota ƙirar shekarun 1970 da yake lallaɓawa. Ya kwance ƙafar baya don ya sauya bushin, da ya zo mayarwa sai ɗaya daga cikin boltocin da ke riƙe da ƙafar ya ƙi kamawa. Yana ɗaurewa, ya fara jin ƙarfi, can sai ya saki, sifana ta riƙa juyawa a banza. Da ya zaro shi sai ya ga siririn ƙarfe naɗe a jikinsa. Yana so ya san ko naɗaɗɗiyar wayar nan ta Helicoil, wadda ake murɗawa cikin rami ta zama sababbin haƙora, za ta riƙe a irin wannan wuri, ko kuwa dole sai ya nemo wani ƙarfen gaba ɗaya.

Malam, ana gyara wannan, kuma idan an yi aikin yadda ya kamata ramin zai riƙe kamar da, a alminiyam ma ya fi da ƙarfi. Sai dai ba wayar ce abin dubawa ba tukuna. Abubuwa biyu ne ke yanke hukunci a nan: lafiyar ƙarfen da ke kewaye da ramin, da kuma ko sabon ramin da za ka huda zai tafi a miƙe. Duk wanda ya kuskure ɗaya daga cikinsu, ko da mafi tsadar kayan gyara ya saya, bai yi komai ba.

Kafin nan, kada motar ta hau titi a haka, ko da sauran boltocin sun ɗauru tamau. Mutane da yawa suna ɗauka aikin bolti shi ne ya tsaya a rami ya tare ƙarfe kada ya zame. Ainihin aikinsa matsewa ne. Idan ka ɗaure shi yana ɗan miƙewa kaɗan, wannan miƙewar ce ke manne ƙarafan biyu har su kasa motsi a kan juna. Da zarar ɗaya ya daina matsewa, nauyinsa ya koma kan 'yan'uwansa, wurin ya fara motsin da ido ba ya gani, kowane rami a hanya da kowane taka birki suna ƙara shi. A hankali ramukan su buɗe, boltocin da suka rage su gaji su karye. A ƙafar baya ƙarshen wannan shi ne taya ta sauya alkibla da kanta ana cikin gudu.

To, fara da duba abin da ya fito a jikin boltin. Warware shi da tsinke ka kalla. Idan fari ne mai laushi, alminiyam ne, wato haƙoran ramin ne suka taho. Idan baƙi ne ko mai tsatsa, ƙarfe ne, sai ka goge boltin ka ga ko nasa haƙoran ne suka kwanta. Wani lokaci ana sa'a, boltin ne ya mutu ramin yana da sauran rai. A nan sai ka wanke ramin, ka bi shi da abin gyara haƙora wanda ke miƙar da su ba tare da ya yanka ba, ka gwada sabon bolti. Kada ka yi saurin zura taf, wato abin yanka haƙora, domin shi yankewa yake yi, kuma duk abin da ya yanke daga tsofaffin haƙora ya tafi ke nan. Idan sabon bolti ya shiga da hannu ba ya girgiza, ya kuma kai awon ɗaurinsa bai saki ba, ka huta. Amma tunda ka ga zoben ƙarfe naɗe a jikin naka, da wuya ka samu wannan sa'ar.

Sai kuma tambayar da aka fi tsallakewa: me ya cinye haƙoran? Idan ba ka gano ba, za ka gyara su sake ci. Wani lokaci ɗauri ne ya yi yawa, musamman da injin ɗauri mai iska. Wani lokaci tsatsa ce, ko cin da ke faruwa tsakanin ƙarfe da alminiyam idan danshi ya daɗe a tsakaninsu, inda za ka ga farin gari a ramin. Wani lokaci boltin gajere ne, haƙora uku ko huɗu kawai ya kama. Wani lokacin kuma ya yi tsawo, ko ƙasa da tsohon giris sun cika gindin ramin, sai ya tokare a ƙasa kafin kansa ya matse komai, mai ɗauri ya ci gaba da murɗawa har haƙora su taho. Amma a tsofaffin motoci, abin da na fi zargi shi ne baƙon bolti da wani ya taɓa sawa a shekarun baya.

Bari in tsaya a kan wannan kaɗan, don a nan ake yin ɓarna mafi yawa. Motocin Jamus, Faransa, Italiya da Japan awon milimita suke bi. Yawancin na Amurka da na Ingila na wancan zamani awon inci ne. A 1949 Amurka da Ingila da Kanada suka amince da tsari ɗaya na haƙora, wanda ya ba da UNF mai ƙananan haƙora da UNC mai manya, amma motocin Ingila da suka girmi wannan sauyi, da wasu da suka biyo bayansa da 'yan shekaru, suna ɗauke da BSF ko Whitworth, waɗanda kusurwar haƙorinsu digiri 55 ce maimakon 60. Matsalar ita ce wasu daga cikin waɗannan suna kama da juna ƙwarai. Bolti mai inci 5/16 kaurinsa milimita 7.94 ne, ga M8 kuwa milimita 8. Ido ba zai raba su ba. Zai shiga zagaye biyu ko uku lafiya, sannan ya cije, mai sifana ya ce tsatsa ce ya danna. Bolti mai inci 3/8 da haƙora 24 a kowane inci zai zurma cikin ramin M10 mai tazarar milimita 1 tsakanin haƙora har ƙasa, ya yi kamar ya kama, alhali bakin haƙora kawai yake taɓawa. Haka 7/16 mai haƙora 20 yake yi a ramin M12 mai tazarar 1.25. Ko a cikin milimita ɗin ma akwai tarko: M12 na iya zama mai tazarar 1.75, ko 1.5 da Jamusawa ke yawan sawa, ko 1.25 da Japanawa suka fi so. Girman kan boltin ba hujja ba ne. Akwai tsofaffin injinan MG da Morris masu haƙoran milimita amma kansu sai sifanar Whitworth. Don haka ka ciro ɗan'uwan boltin daga ɗaya gefen motar, ka auna kaurinsa da ma'auni, ka ɗora masa ma'aunin haƙora har ka samu ganyen da ya zauna daidai ba haske a tsakani, sannan ka gwada da abin da littafin motar ya faɗa. Da wannan lambar za ka sayi kayan gyara.

Yanzu ka leƙa ka ga a cikin me haƙoran suke, domin gyaran ya danganta da haka. Ko dai an yanka su kai tsaye a jikin zubin alminiyam, ko a cikin ƙarfe mai kauri kamar kwanson aksil, ko kuma noti ne aka yi wa walda a ɓoye cikin kogon casis.

Na alminiyam shi ne inda waya ko bututun gyara suka fi dacewa. Misalin da masu tsofaffin motocin Ingila suka sani shi ne Triumph TR6 da 'yan'uwanta masu hannun baya na alminiyam, wato ƙarfen da ke haɗa tayar baya da jikin mota. Hob, wato cibiyar da taya ke zama a kai, da farantin birki suna zaune ne a kan sitod, wato bolti marar kai mai haƙora a baki biyu, guda shida a kowane gefe, masu inci 5/16 da ƙananan haƙoran UNF, an murɗa su kai tsaye cikin alminiyam. Ƙananan haƙora a ƙarfe mai laushi ba sa jure wahala, awon ɗaurinsu bai kai Nm 25 ba (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri), kuma bayan shekara hamsin na kwancewa da ɗaurewa sai su riƙa fitowa da haƙoransu. Waɗannan sitod shida su ne ke riƙe da tayar baya a jikin motar. Duk da haka ba jefar da hannun ake yi ba, gyara shi ake yi, kuma gyaran yana riƙewa.

Ga dalilin da ya sa yake riƙewa. A bolti da rami na yau da kullum, haƙorin farko shi kaɗai yana ɗaukar wajen kashi ɗaya cikin uku na nauyin, ukun farko su ɗauki kusan kashi uku cikin huɗu, na can ƙasa kuwa kusan hutawa suke yi. Shi ya sa a ƙarfe mai laushi na farkon ke yankewa, na biyu ya gaji nauyin shi ma ya yanke, su bi juna har ƙasa. Idan ka sa waya, haƙoran da ke cikin alminiyam sun koma masu faɗin da'ira fiye da na da, wato naman da zai yanke kafin su taho ya ƙaru. Sannan wayar tana ɗan lanƙwasawa, sai ta raba nauyin ga haƙora da yawa. Bolti kuma daga yanzu a kan waya mai tauri marar tsatsa zai riƙa gogawa. Don injinan jiragen sama aka fara yin irin wannan waya a ƙarshen shekarun 1930, kuma har yau akwai sassan alminiyam da ke fitowa daga masana'anta da ita a ciki tun suna sababbi.

Tsawonta fa sai an kula. Yawancin kwalayen da ake sayarwa suna zuwa da waya mai tsawon kaurin bolti sau ɗaya da rabi. A ƙarfe wannan ya isa, domin can ko sau ɗaya ma yana riƙewa. A alminiyam ana son kamun ya kai kaurin boltin sau biyu, wato M10 ya kama milimita 20. Idan zurfin ramin ya ba da dama, sayi doguwar dabam.

Wajen hudar nan ne aikin yake. Idan zai yiwu, cire hannun daga motar ka kai shi kan injin huda na tsaye. Kafin ka kwance komai ka tabbata motar tana kan ƙafafun ƙarfe, ba a kan jak kaɗai ba, kuma ka sauke ƙarfin sifirin a hankali da jak a ƙarƙashin hannun. Sifirin da ke matse, ko farantin sandar murɗi irin na Volkswagen Beetle, idan ya kuɓuce yana karya hannun mutum. Idan kuwa dole a jikin motar za a yi, to kada ka yarda da idonka. Kana kwance a ƙasa, injin huda a sama da kai, za ka rantse a miƙe kake, alhali ka karkace da digiri uku ko huɗu. Nemi guntun ƙarfe mai kauri, kamar milimita 25 ko fi, a huda maka shi a injin tsaye da girman bakin da za ka yi aiki da shi, a ƙara masa wani ramin da zai dace da lafiyayyen rami na kusa. Ka ɗaure shi a wurin, shi zai yi wa bakin hudar jagora. Masu TR6 har farantin jagora na musamman suke da shi mai ramuka shida saboda wannan. Idan rami ya karkace, kan boltin zai zauna da gefe ɗaya, duk ɗaurin da ka yi lanƙwasa shi yake yi, kuma a ƙarƙashin kan zai tsage wata rana.

Bakin hudar na cikin kwalin shi za ka bi. Na M8 yawanci milimita 8.3 ne, na M10 kuma 10.4, na M12 wajen 12.4. Ka ga ke nan ɗan abu kaɗan kake cirewa, ragowar matattun haƙora ne kawai. Saboda haka ne bakin yake son ya cafke ya ja kansa ciki da ƙarfi, musamman a alminiyam. Yi a hankali, da ƙaramin gudu. Sau da yawa ma ya fi kyau ka ɗaura bakin a marikin taf ka juya da hannu. Auna zurfin ramin tukuna, ka naɗa salatif a jikin bakin a daidai wurin, don kada ka fasa ta baya.

Taf ɗin cikin kwalin na musamman ne. An rubuta masa M10 amma ya fi M10 na yau da kullum kauri, don wurin zaman waya yake yankawa, kuma babu wani taf da zai maye gurbinsa. Shafa masa mai idan ƙarfe ne, kananzir idan alminiyam ne, ƙarfen zubi kuwa a bushe ake yanka shi. Zagaye biyun farko su ne komai, ka duba ta gaba ka duba ta gefe kafin ka ci gaba. Daga nan rabin zagaye gaba, kwata baya, za ka ji ɗan ƙas lokacin da ɓarɓashin ya karye. Idan ya yi nauyi, kada ka ƙara ƙarfi, fito da shi ka share. Taf yana da tauri amma ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi, kuma fitar da karyayyen taf daga rami ya fi duk aikin da kake yi wahala. Idan ramin mai gindi ne, taf mai tsinin baki ba zai yanka har ƙasa ba, sai ka bi da mai yankakken baki. Ka hure ramin da iska, ka wanke shi da abin wanke birki, ka bari ya bushe.

Wayar tana da ɗan harshe a gindinta wanda sandar sawa ke kamawa. Harshen ne ke fara shiga. Ka murɗa a hankali ba tare da dannawa ba, ka bar ta ta bi haƙoran da kanta. Idan ka danna za ta tsallake haƙori, bolti ya ƙi shiga. Ka tsaya idan ƙarshenta na sama ya nutse kamar rabin zagaye ƙasa da bakin ramin. Sannan ka zura siririn ƙarfe mai faɗin baki ya zauna a kan harshen, ka buga masa guduma sau ɗaya da kaifi, ya ɓalle a inda aka yi masa tsaga. Kada ka murɗa baya don ka karya shi, wayar za ta kwance daga mazauninta. Ka ciro guntun da maganaɗisu ko da ɗan giris a bakin tsinke, in maganaɗisun bai kama shi ba.

Akwai wanda ni na fi so a wurin da za a riƙa kwancewa, shi ne bututun ƙarfe guda mai haƙora ciki da waje, irin na Time-Sert. Ana huda, a yi masa ɗan gurbi a baki inda kafaɗarsa za ta zauna, a yanka haƙora, a murɗa shi ciki. Haƙoransa na ƙasa ba a gama su ba daga masana'anta, sandar sawa ce ke buɗa su idan ta wuce, sai gindin ya faɗaɗa ya cije jikin ramin. Ba ya biyo bolti waje, ba ya zarcewa ciki. Ya fi waya tsada, ba kuma don ya fi ta jure ja nake zaɓarsa ba, domin a wannan duk biyun suna iya kai wa bolti ya tsinke su ba su motsa ba. Ina zaɓarsa ne don bayan shekara goma, idan tsatsa ta kama boltin, waya na iya warwarowa tare da shi. Akwai kuma masu kauri irin su Keensert, da ake kafe su da 'yan ƙusoshi a gefe, da Big-Sert na ramin da aka taɓa gyarawa ya sake lalacewa. Waɗannan suna cin nama da yawa, sai inda ƙarfen ke da faɗi. A nawa ganin, idan bayan yanka haƙora bangon da ya rage a gefen ramin bai kai rabin kaurin boltin ba, ban yarda da wurin ba.

Wata hanyar ita ce a ƙara girman boltin. Tana aiki, amma tana da jela. Idan ka mai da M10 ya zama M12, dole ka buɗe ramin abin da ake ɗaurawa, wataƙila har da bututun cikin bushin, ka rage musu ƙarfi, kuma duk wanda ya zo bayanka zai tarar da bolti ɗaya baƙo. Inda dabarar ta yi kyau shi ne sitod mai hawa biyu. A hannun Triumph ɗin nan, ramin 5/16 da haƙoransa suka tafi ya kusa zama daidai girman hudar da ake bukata don yanka 3/8 UNC. Sai a sa sitod mai manyan haƙoran 3/8 a gefen da ke shiga alminiyam, gefen waje kuma ya zauna a 5/16 yadda yake. Ba a taɓa hob ba, an kuma samu manyan haƙora a ƙarfe mai laushi, wanda shi ya kamata tun farko. Sitod yana da wata fa'idar: sau ɗaya yake shiga ya zauna, noti ne ke shan kwancewa da ɗaurewa.

Idan noti ne na ɓoye a cikin casis, kamar waɗanda ke riƙe da firam ɗin bayan tsohuwar Mini, magana ta sauya. Da farko bambance abu biyu. In bolti yana juyawa amma ba ya fitowa ba ya shiga, waldar notin ce ta ɓalle, notin na juyawa tare da shi. In yana fitowa da ɗan ja, haƙora ne. Ana iya sa gajeriyar waya a notin da ke tsaye daram, amma tsayin noti bai cika kai kaurin bolti ba, bangonsa siriri ne, kuma girgizar huda kan ƙarasa tsohuwar waldar. A ƙafar mota na fi son a yi mai wuyar. A yanka 'yar taga a jikin kogon, ta gefen da ba ya ɗaukar nauyi sosai, a cire tsohon notin, a duba cikin. Sau da yawa a nan za ka ga gaskiyar lamarin, ƙarfen da notin ke zaune a kai ya zama ɓawon tsatsa, kuma shi ne ainihin abin gyara. A yi wa sabon noti mai daraja, wato lambar ƙarfi, 8 ko 10 walda a kan faranti mai kauri, a kankare farin rufin jikinsa tukuna domin hayaƙinsa guba ne kuma yana ɓata walda. A ɗaura abin da zai zauna a wurin da sauran boltocinsa, a zura tsohon bolti ya riƙe notin a daidai mazauninsa, sannan a kafe farantin. A rufe tagar da ƙarfe mai kauri ɗaya da na wurin, walda ta zagaye duka, a fesa maganin tsatsa a ciki. A yawancin motoci tankin mai da bututunsa da na birki duk a baya suke, baƙin shafen ƙarƙashin mota yana kama wuta, kafet da kujera suna bayan ƙarfen da kake ƙonawa. A cire kan batir, a kawar da abin da za a iya kawarwa, wani ya tsaya da abin kashe gobara.

Inda ake iya kai hannu ta baya, a huda a zarce a sa dogon bolti da noti mai roba a ciki, wannan gyara ne mai kyau kuma mai sauƙi. Sharaɗinsa, idan ta cikin kogo zai ratsa, sai an sa bututun ƙarfe mai kauri a tsakanin bangon biyu. In babu shi, kana ɗaurewa kogon na lotsawa, ɗaurin ba zai taɓa tsayawa ba.

Abubuwan da ba su da wuri a ƙafar mota kuwa sanannu ne: gam mai haɗi biyu, naɗa zare ko silin waya a jikin bolti, cusa bolti na inci a ramin milimita don ya yanka wa kansa hanya, noti irin na matsewa da ake sa wa falle, da yi wa kan bolti walda a jikin hannu. Ruwan kulle haƙora irin Loctite yana hana lafiyayyen bolti kwancewa, ba ya mayar da haƙorin da ya tafi. Cike ramin alminiyam da walda a sake hudawa kuma zafi yana tausasa zubin, sai in ƙwararre ne zai yi kuma babu wata hanya.

Boltin da zai koma ya zama sabo. Duba kansa: 8.8 ko 10.9 a na milimita, layi uku ko shida a na inci. Ka mayar da irin darajar da masana'anta suka sa. Wanda ba shi da alama kada ya kusanci wurin. Masu gyaran tsofaffin motoci suna son bolti marar tsatsa don ƙyalli, amma na kasuwa mai alamar A2-70 yana fara miƙewa a wajen MPa 450 a ma'aunin ƙarfin ja, shi kuwa 8.8 sai 640, ga shi yana son cijewa a cikin waya marar tsatsa. Ka kuma lura da santsin jikin boltin, wato inda babu haƙora: shi ya kamata ya ratsa bushin da kunnuwan da ke riƙe shi.

Kafin ka haɗa komai, gwada gyaran. Jera washa ko guntun bututu a bakin ramin daidai kaurin abin da zai zauna, ka ɗaure da sifana mai awo har lambar littafin. Hannunka zai gaya maka: lafiyayyen rami nauyinsa na ƙaruwa har sifana ta yi ƙara, mai shirin tafiya kuwa sai ka ji ya yi laushi ana cikin ja. Idan babu littafi, M8 mai daraja 8.8 wajen Nm 25 ne, M10 wajen 50, M12 wajen 85, a ƙarfe kuma a bushe, amma lambar motar ita ce gaba, musamman a alminiyam. Kusan kashi 90 cikin ɗari na ƙarfin da kake sawa a sifana gogayya ce ke cinye shi, don haka in ka shafa giris ko maganin cijewa, lamba ɗaya za ta miƙar da boltin fiye da kima, sai ka rage kamar kashi ɗaya cikin biyar. Gwada sauran ramukan ma haka, na wannan gefe da na wancan. Shekarunsu ɗaya, hannu ɗaya suka sha, kuma tunda jagora da taf suna hannunka, gyara shida bai fi gyara ɗaya wahala sosai ba.

Boltocin da suka ratsa bushin roba kada ka ƙarasa ɗaurinsu mota na rataye. Sauke ta a kan tayoyinta, ka girgiza ta ta zauna, sannan ka ɗaure. In ba haka ba robar za ta zauna a murɗe, sabon bushin ya yage cikin ɗan lokaci. Ka ja layin fenti daga kan boltin zuwa jikin ƙarfen, bayan tafiyar kilomita ɗari ko biyu ka leƙa ka ga ko layin ya rabu, ka sake ɗora sifana mai awo.

Inda zan ce maka ka haƙura ka nemi wani ƙarfen shi ne idan ka wanke wurin tas ka ga tsaga ta taso daga bakin ramin, ko alminiyam ɗin ya zama gari yana marmashewa a bakin huda, ko an taɓa buɗe ramin har bango ya yi siriri, ko kuma hannun ya taɓa shan duka ya lanƙwashe. Tsaga a zubin alminiyam ba kullum ido ke ganinta ba. Akwai jan ruwan gwaji da ake fesawa, a goge, a bi da farin hoda, tsagar ta fito ja. A kan abin da ke riƙe da taya, ka sa a yi maka wannan gwajin kafin ka ɗora bakin huda.